Mizanin Auna Masu Horar da 'Yan Wasa

Lacca da aka gabatar a Dogarawa, Sabon Gari, Zariya



Mas'alar da aka ɗora mini ita ce yadda za a gwama masu horar da 'yan wasa, watau kociyoyi, har a san wanda ya fi wani. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo, tun daga nan Dogarawa zuwa Kwangila har Samaru, ya san cewa mas'ala ce da ake yanke hukuncinta kowane dare da ƙarfin murya, ba tare da an nemi shaidu ba, kuma hukuncin bai taɓa canzawa ba: wanda ya ɗauki kofi shi ne gwani, wanda aka ci kuwa a sallame shi. Abin da na zo in faɗa shi ne, wannan hukunci, duk da sauƙinsa a baki, zalunci ne a galibin lokuta, domin aikin koci kashi biyu ne masu zaman kansu, samo yaro da kuma gyara shi, kuma kofin da aka ɗaga sama ba ya bayyana wanne daga cikin biyun ya kawo shi, balle ya faɗi ko mutum ɗaya ne ya yi su duka.

Malamanmu na usulu sun sharɗanta cewa ƙiyasi ba ya inganta sai asali da reshe sun haɗu a illa. Idan akwai bambanci mai tasiri a tsakaninsu, to, ƙiyasin ɓatacce ne komai daɗin lafazinsa. Wannan ƙa'ida kuwa maƙwabtanmu na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ke komawa ga 1922, su ma da ita suke aiki, ko da ba su kira ta da wannan suna ba, domin idan suna son su san wane irin masara ya fi wani, ba su shuka ɗaya a fadama ɗaya a kan tsakuwa sannan su auna buhuna. Sukan jera su a fili guda, da taki guda, da ruwa guda, sa'an nan su yi magana. Mu kuwa sai mu ɗauki kocin da aka ba zaɓaɓɓun yara da kuɗi da mota, mu aza shi kusa da wanda aka ba ragowar da kowa ya ƙi da ƙwallo ɗaya mai faci, mu ce na farko ya fi basira.

Bari in fara kai ku nesa, zuwa Amurka, domin a can ne aka mai da wannan mas'ala ilimi mai lissafi. Jami'o'insu suna buga wata irin ƙwallo ta hannu da kokawa, mai kama da zari-ruga, wadda ta shiga ransu har filin jami'a ɗaya, kamar na Michigan, yana ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari. Tun yaro yana sakandare ake bin sawunsa, kamfanoni masu wannan sana'a suna ba shi taurari, biyar ga wanda ya kai maƙura, uku ga matsakaici, kociyoyi kuma suna zarya gidan iyayensa da alkawarin karatu kyauta, har ranar da zai sa hannu. A ƙarshen kowace shekara akan jera jami'o'i bisa ga taurarin da suka tara, ta yadda mai son adalci zai iya riƙe takarda biyu, ɗaya ta abin da aka ba koci, ɗaya ta abin da ya mayar.

Idan aka duba takardun nan, abu na farko da zai bayyana shi ne, samun yara masu baiwa sharaɗi ne da ba a tsallake shi. Nick Saban, wanda ya riƙe jami'ar Alabama daga 2007 har ya ajiye aiki a farkon 2024, ya ci kofin ƙasa sau shida a can, bayan ɗaya da ya ci a Luwiziyana a 2003, kuma kusan kowace shekara tarin yaransa yana sahun farko. Amma sharaɗi daban, isarwa daban, kamar yadda alwala sharaɗi ce ga salla ba tare da ta zama sallar ba. Jimbo Fisher na jami'ar Texas A&M ya tara yara a 2022 waɗanda masu lissafin suka sa a kan gaba duk ƙasar, sai ga shi a wannan shekarar ya ci wasa 5 an ci shi 7, kuma a watan Nuwamba na 2023 aka sallame shi, aka biya shi fiye da dala miliyan 75 ladan tafiya. A ɗaya gefen kuma akwai Bill Snyder, wanda ya karɓi jami'ar Jihar Kansas a 1989 lokacin da ta yi wasa fiye da ashirin a jere ba ta ci ko ɗaya ba, a garin da babu wani yaro mai taurari biyar da zai yi marmarin zuwa, ya riƙa tsinto yara daga ƙananan kwalejoji da waɗanda manya suka raina, har ya ci kofin shiyyarsu a 2003 da 2012. Bai taɓa cin kofin ƙasa ba. A mizanin gidan kallo ke nan bai kai ko ɗaya bisa bakwai na Saban ba. A mizanin abin da aka ba shi da abin da ya mayar kuwa, ni ba zan yi gaggawar sa shi a ƙasa ba.

Akwai na huɗunsu, wanda shi ne ya fi kusa da abin da nake nufi. Larry Coker ya gaji jami'ar Miyami a 2001, ya tarar da yaran da magabacinsa Butch Davis ya sha wahalar tarawa, ya ci kofin ƙasa da su a shekararsa ta farko ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba; da waɗannan yara suka ƙare karatu suka watse, ƙungiyar ta riƙa ja da baya, har aka sallame shi a 2006. To, kofin 2001 na wane ne?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin dattawan da ke nan sun sha musu a kanta shekara da shekaru. Clemens Westerhof, mutumin Holan, ya karɓi ƙungiyar Nijeriya a 1989, ya shiga ƙasa yana kallon wasannin gida da idonsa, kuma a cikin abin da ya gani akwai wani yaro a Ranchers Bees ta Kaduna, Daniel Amokachi, wanda ya tafi da shi gasar Afirka a Aljeriya a 1990 tun bai cika shekara goma sha takwas ba. A wasan farko Aljeriya ta zuba mana 5 da 1, wanda da a yau ne da an nemi kansa kafin gari ya waye. Amma aka bar shi, ya kai wasan ƙarshe a wannan gasar, ya zo na uku a Senegal a 1992, ya ɗauki kofin a Tunisiya a 1994, ya kuma kai mu gasar duniya karo na farko. Bayan tafiyarsa mataimakinsa, Jo Bonfrere, ya tafi da yara Atlanta a 1996, ya doke Brazil 4 da 3, ya doke Ajantina 3 da 2, ya dawo da zinariya. Masu son Westerhof suka ce ai girkin da aka gama ya tarar ya kwashe. Masu son Bonfrere suka ce ai tun can shi ne mai koyar da wasan, maigidan surutu ne nasa. Duka ɓangarorin biyu sun manta da na uku, Fanny Amun, wanda a hannunsa Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro da Wilson Oruma suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993. Sun kuma manta da na huɗu, waɗanda ba su da suna a jarida. A cikin ayarin Atlanta akwai 'yan Kaduna har biyar, Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Babayaro biyu, wa da ƙane, kuma babu ɗayansu da ya faɗo daga sama ya tsinci kansa a Amurka. Kowannensu akwai wani malamin wasanni ko kocin unguwa da ya fara cewa yaron nan yana da ƙafa, ya kai shi gaba. Mu da muka saba tambayar almajiri wurin wa ya yi karatu, shi kuma malamin nasa wurin wa ya ɗauka, har a kai silsila inda ta tsaya, bai kamata a ce idan an zo ga ɗan wasa sai mu riƙe sunan ƙarshe kaɗai mu yar da sauran isnadin ba.

Wani misalin ma ya fi wannan kaifi, domin mutum ɗaya ne a cikinsa. Manu Garba, ɗan Gombe, ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, da su Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi da Musa Muhammed, aka yi ta yabonsa. A 2016, ana gab da wasan share fage da Jamhuriyar Nijar, na'urar da ke duba ƙashin wuyan hannu don gane shekaru ta fitar da fiye da yara ashirin daga sansaninsa, ya shiga wasa da abin da ya rage, Nijar ta fitar da mu. Iliminsa na 2013 bai ƙaura daga kansa ba a cikin shekara uku. Abin da ke hannunsa ne ya canja.

Yanzu in dawo da ku gida, domin mafi kyawun hujjata tana nan Samaru, ko da yake a filin ƙwallon kwando take. Oliver Johnson, Ba'amurke, wanda mutanen Jami'ar Ahmadu Bello suka sani da Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa a Zariya yana koya wa yara wannan wasa, ɗalibai da 'ya'yan ma'aikata da yaran gari. A cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 ya tashi a nan Zariya, ya fara da ƙwallon ƙafa kamar kowane yaro kafin ya koma kwando. Ujiri bai zama shahararren ɗan wasa ba. Abin da ya zama shi ne mai ido: ya fara da farautar 'yan wasa ga ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba, ya koma Denver Nuggets, ya hau har aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA a 2013, sa'an nan ya karɓi Toronto Raptors. A 2016 ya ɗauki Pascal Siakam na Kamaru a matsayi na 27, bayan an wuce shi sau ashirin da shida. A 2018 ya sallami kocinsa Dwane Casey, a shekarar da aka zaɓi Casey ɗin gwarzon koci, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, kuma a 2019 suka ɗauki kofin. Ku duba yadda silsilar ta miƙe, daga wani fili a Samaru har Kanada, ku kuma duba cewa a cikin labari ɗaya ga mai ganowa, ga mai reno, ga mai girbi, kowa da rabonsa. Idan da za a auna Koci Johnson da kofunan da ya jera a kabad kaɗai, da an tauye shi tauyewa mai muni.

Mene ne wannan ido da nake ta ambata? Magabata suna kiransa firasa, watau gane ɓoyayyen hali daga alama ta zahiri, kuma ana iya ganin mai shi a bakin kowane fili bayan la'asar. Jama'a duka idonsu na kan ƙwallo, suna ihu ga yaron da ya yanke mutum uku ya ɗaga ƙura. Shi kuwa yana tsaye gefe, hannu a baya, yana kallon wani siririn yaro a tsakiya wanda ƙwallon ba ta ma zo wurinsa ba. Yana lura ko yaron yakan waiga kafaɗarsa kafin a ba shi, don ya san inda zai kai ta tun ba ta iso ba. Yana lura da abin da yake yi a daƙiƙa biyar na bayan an ƙwace masa, ko ya tsaya yana ɗaga hannu yana zargin wani, ko ya juya da gudu. Yana lura ko yana taɓa ta da ƙafar hagu ko kuwa hagun ta tsayuwa ce kawai. Yana lura da fuskarsa idan alƙalin wasa ya zalunce shi. Dogo da ƙaƙƙarfa kowa na ganinsu, har makaho ya ji ƙarar gudunsu. Wanda zai zama wani abu bayan shekara biyar, shi ne ba ya ganuwa sai ga mai firasa.

Gano yaron kuma rabin aiki ne a ƙasarmu, domin saura zaure. Kocin Amurka yakan shiga falon iyaye da takardar karatu kyauta a hannu, namu kuwa yakan tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa, ya gai da maigida, ya jira a gama tambayar gida da aiki, sa'an nan ya ce, “Baba, game da yaron nan ne na zo.” Maigida ya ce, “Wani abin ya yi?” Ya ce, “A'a, alheri ne, ƙwallo yake bugawa, kuma Allah ya ba shi.” Nan fuska takan canja, domin a wurin dattijon ƙwallo ita ce abin da ke hana yaro Islamiyya da sallar magariba, ita ce kuma ke haɗa shi da abokan banza. Kocin da zai fita daga wannan zaure da izini sai wanda aka san gidansu, aka san yana tsayar da atisaye idan an kira salla, aka san yakan kori yaro daga fili idan ya ji bai je makaranta ba. Amana ce ake ba shi, kuma a nan ne samo yara da tarbiyyarsu suke haɗuwa, domin wanda ya tozarta yaron bana ba zai sami ƙanensa baɗi ba.

Dole in taɓo wani abu mara daɗi, tunda shugabannin makarantu suna zaune. Na taɓa halartar wasan makarantu inda wata makaranta, wadda ba zan ambata ba, ta fito da ɗan gaba mai sabon aski da gemun da aka kankare da safe, yaran ɗaya makarantar suna kiransa da sunan da aka san shi da shi a garejin da yake aiki. Ya ci ƙwallo biyu, aka ba su kofi, aka ɗauki hoto. Malamin da ya kawo sojan gona ya sami yabo a taron malamai, wanda ya zo da ɗalibansa na haƙiƙa 'yan shekara goma sha biyar ya koma ana ce masa bai iya ba. Muddin kofi ne kaɗai mizani, to, mu da kanmu muke koya wa malaman wasanni cewa haya ta fi reno riba, kuma abin da na'ura ta tona a 2016 a irin waɗannan filaye aka shuka shi. Laifin bai tsaya ga ƙarya ba. Yaron da aka ajiye a benci don a sa ƙato, wataƙila shi ne mai baiwar, kuma ba zai sake dawowa fili ba.

Kada kuma a fahimce ni da cewa cin wasa ba kome ba ne, ko kuwa duk wanda aka ci yana da uzuri. Akwai gwanintar da ba ta bayyana sai a ranar wasa: sanin wanda za a cire da wanda za a sa, da karanta abokin hamayya kafin a tafi hutun rabin lokaci, da riƙe zukatan manyan 'yan wasa waɗanda kowannensu ke ganin shi ne sarki. Kano Pillars ta ɗauki kofin Firimiya sau uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Mohammed Babaganaru, 2014 a hannun Okey Emordi, da ginshiƙan 'yan wasa kusan guda, irin su Rabi'u Ali. Wanda zai ce Emordi gado kawai ya ci, sai a tuna masa cewa riƙe ƙungiyar da ta ƙoshi da nasara, kowa kuma yana haƙonta, shi ma fanni ne, kuma magada da yawa sun tarar da irin wannan dukiya sun watsar. Stephen Keshi kuwa, yana kocin Nijeriya, Allah ya ba shi duka biyun, ido da gwanintar ranar wasa, a 2013, lokacin da ya bar wasu sanannu ya tafi gasar Afirka a Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida, aka yi ta sukarsa, har ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddebuwa, ya kuma ci wadda ta kawo kofin a kan Burkina Faso. Irinsa kaɗan ne, shi ya sa bai kamata a mai da shi ma'aunin kowa ba.

Ga kocin makaranta da na jami'a kuwa akwai wani ƙarin hisabi da babu shi a kan kocin kulob. Tun da aka fara wasannin jami'o'in Nijeriya, NUGA, a Ibadan a 1966, manufar ita ce ɗalibi ya yi wasa yana ɗalibi, kuma a cikin kowane ɗari da suka sa rigar makaranta, waɗanda za su ci abinci da ƙwallo ba su cika tafin hannu ba. Sauran za su zama malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti da masu unguwa. Saboda haka idan za a tambayi malamin wasanni kofi nawa ya ci, wajibi ne a haɗa da tambayar yara nawa ne daga cikin 'yan wasansa suka gama karatu, nawa ne suka bar fili da lafiyar gwiwarsu, nawa ne kuma suke dawowa gaishe shi.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantunmu, daga Dogarawa zuwa Hanwa da Basawa da Bomo, ƙaramin abu ne wanda bai kai kuɗin ƙwallo ɗaya ba. Kowace makaranta ta sayi littafi mai kauri ta ajiye a ofishin shugaba. Duk yaron da ya shiga ƙungiya a rubuta sunansa da ajinsa da ranar haihuwarsa kamar yadda take a rajistar shigarsa makaranta, da wanda ya gano shi, da inda aka gan shi, da abin da ya iya a ranar da ya zo. A ƙarshen kowane zango a ƙara abin da ya koya da sakamakon jarrabawarsa. Idan ya fita a rubuta inda ya nufa. Kafin kowace gasa makarantun da za su kara su yi musayar littattafan, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Malamin wasanni ya sa hannu, shugaban makaranta ya sa, na uku kuma ya zama ɗaya daga cikin iyayen yara, wanda ba ma'aikacin makarantar ba ne.